Taki, fetur da damina: ta ina manomin Kaduna zai rage dogaro da dala?

Malam Mai Zaure, Kawo:
Assalamu alaikum jama'a. Maganar wannan makon ita ce ci gaba mai ɗorewa, amma don Allah kada mu tsaya kan jera muradu 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Mu sauko da ita gona. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tada farashin taki da alkama. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, dalar da ba ta kai 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A Yulin 2023 aka yi juyin mulki a Nijar, iyaka ta zauna a rufe har Maris na 2024. Damina kuma ta daina tsayawa kan lokacinta. Tambayata: a hekta ɗaya ta masara a Lere ko Soba, me muke saye da dala, kuma wanne za a iya ragewa ba tare da amfanin ya faɗi ba?

Malamin Gona, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da taki, don shi ne ya fi cin kuɗi. Abin da ake ba da shawara a yankinmu shi ne kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfet, 60 na fotash a hekta. A buhuna: kamfa 15:15:15, wato takin da ya haɗa ukun, buhu 8 masu kilo 50, sai yuriya buhu 2 da rabi zuwa 3. Yuriya a gida ake yin ta, akwai Indorama da Notore a Ribas, ga ta Dangote a Legas da aka buɗe a 2022. Amma fosfet daga Maroko ake kawo shi, fotash kuma Rasha da Belarus suna cikin manyan masu sayar da shi a duniya. Ita ma yuriyar da ake yi a nan farashin duniya take bi, tunda masu yin ta suna da kasuwa a waje.

Abin da ya fi damuna ba tsadar ba ce, asarar da ake yi bayan an saya. Yuriyar da aka watsa a kan busasshiyar ƙasa aka bar ta a rana, wani kaso nata iska yake bi, in kuma ruwa mai ƙarfi ya sauka ya kwashe saura. A tona rami kamar santimita 5 daga gindi, zurfin santimita 5, a zuba, a rufe. Kamfa a cikin kwana 10 zuwa 14 da shuka, yuriya a mako na 4 zuwa 5, ƙasa na da danshi, kuma an riga an yi noma. In tazara santimita 75 ce tsakanin kunya da 25 tsakanin gindi, tsiro ɗaya kowane rami, hekta za ta ɗauki gindi kusan 53,000. Kowane gindi ke nan giram 7 zuwa 8 na kamfa, yuriya giram 2 da rabi. A auna sau ɗaya a sikeli a ga inda ya tsaya a murfin kwalbar lemo, sai a ba masu aiki wannan ma'aunin.

Alhaji Ɗan Saminaka:
Malam, duk wannan daidai ne a takarda. Amma a 2025 an kai matsayin da buhun masara mai kilo 100 bai sayen buhun kamfa mai kilo 50. Buhu 11 na taki a hekta, da me za a biya? Mutane da yawa barin masarar suka yi.

Malamin Gona, Samaru:
Gaskiya ne, Alhaji, shi ya sa ba zan ce kowa ya sayi buhu 11 ba. Abin da zan ce: a rage fili, kada a rage abincin gindi. Huɗa, iri, maganin ciyawa, noma da maimai, duk da hekta ake biyan su. Mai buhu 10 da ya baza su a hekta 3 ya biya aikin hekta 3 ya girbe masara mai ɗan siririn goyo. Gara ya zuba su a hekta 1, sauran 2 ya sa waken suya, ko gyaɗa, ko dawa. A gona mai tsabta da iri mai kyau, buhun yuriya ɗaya na iya ƙara buhu 3 zuwa 5 na masara. A gonar da wuta-wuta ta cinye, ko rabin haka ba za a gani ba, kuma a nan ne takin yake zama asara.

Maman Walida, Zariya:
Bari in ƙara kan waken suya, don nan ne mafitar take. Iri kilo 50 zuwa 60 a hekta, a shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli. Ba ya son yuriya, supa yake so, wato takin fosfet, kamar buhu 4. Kafin shuka a cuɗa irin da garin ƙwayoyin halittar da ke sa saiwa ta yi ƙululu, irin Nodumax na cibiyar binciken noma ta IITA. A cuɗa a inuwa, a shuka a ranar, don rana na kashe su. Bayan mako 6 a tuge gindi ɗaya a fasa ƙululun: in cikinsa ja-ja ne yana aiki, in fari ne ko kore, bai kama ba. Amfani na biyu shi ne wuta-wuta. Saiwar wasu nau'o'in, kamar TGX 1448-2E, tana sa irinta ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Shekara biyu zuwa uku ana juyawa, sai a dawo da masara mai jure mata irin SAMMAZ 15 ta cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru.

Inda ake faɗuwa shi ne girbi. Da ganye ya zube, kwanso ya yi ruwan ƙasa, a yanke. In aka jira aka gama da masara tukuna, kwanson ya fashe a gona.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Hajiya, akwai gyara ɗaya. Ana zuzuta naitirojin da waken suya ke bari fiye da kima. Mafi yawansa a ƙwayar yake, ita kuma kasuwa za ta. In aka kwashe harawar ma aka kai gida, ƙasa ba ta samu komai ba sai saiwa da ganyen da ya zube. Kada wani ya ji wannan ya daina sa yuriya a masarar baɗi. Abin da za a iya ragewa bai wuce kamar buhu ɗaya a hekta ba.

Maman Walida, Zariya:
Na yarda, Baban Khalifa. Sai dai harawar in dabba ta ci, a mayar da kashin gona. Kuma a bar shi ya ruɓe tukuna: a tara shi da karmami a inuwa, a yayyafa ruwa, a juya duk mako biyu, wata 2 zuwa 3 ya nuna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, ɗanyen na shanu kuma da irin ciyawa yake zuwa, har da na wuta-wutar da ake gudu.

Malamin Gona, Samaru:
Sai damina. Ruwan farko yana yaudara, a shuka a watan Mayu, ya ɗauke kwana 15, iri ya ƙone, a sake saye. A jira ruwan da ya jiƙa ƙasa zurfin tafin hannu, kamar milimita 20 zuwa 25 cikin kwana biyu ko uku, a kuma duba hasashen da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, yana faɗin lokacin faɗuwar damina da na fari ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Hasashe ne, ba alkawari ba, don haka a raba iri: rabi mai kwana 90 zuwa 95, rabi mai kwana 110 zuwa 120. A gonar tudu a ɗaure kwarin kunya duk mita 2 don ruwa ya tsaya ya nutse, amma a fasa ɗaurin a Agusta, in ba haka ba saiwa ta shaƙe. Wannan kwanciyar ruwan, masu citta a Kachia da Jaba da Kagarko sun fi kowa sanin zafinsa, tun cutar 2023 da ta cinye gonaki. Ruwan da ya kwanta da irin da aka ɗebo daga gonar da ta kamu, su ne hanyarta.

Injiniya, Kakuri:
Ni ta fannin rani zan shigo. Injin fetur mai inci 3 yana shan lita 1 zuwa 1 da rabi a awa. Kowa ya lissafa awannin da yake ban-ruwa daga Nuwamba zuwa Maris ya ninka da kuɗin lita, zai ga abin da sola za ta fanshe. Amma a san girman abin da ake saye. Tumatir ko masarar rani na shan milimita 5 zuwa 7 a rana, wato lita dubu 50 zuwa 70 a hekta. Da ban-ruwan fangali kusan rabi yana ɓacewa a hanya, sai buƙatar ta haura dubu 100. Famfon sola mai ƙarfin doki 1, wato wat 750, in ruwan na kusa, zai ba da kamar lita dubu 10 a awa, awannin rana mai ƙarfi kuma 5 zuwa 6 ne. Rabin hekta ke nan, ba hekta biyu da wasu masu sayarwa ke faɗa ba.

Faranti su fi ƙarfin famfon da kamar rabi: wat 1,100 zuwa 1,200, faranti 3 masu wat 400. A fuskantar da su kudu, a karkata su digiri 10 zuwa 15. Ba a buƙatar batir, a ajiye ruwa a tanki ko tafki, ya fi arha nesa ba kusa ba. Abubuwa uku ke kashe famfon sola. Ƙurar hunturu: a goge faranti da sassafe da tsumma mai laushi da ruwa, ba da rana suna da zafi ba. Gudu ba ruwa: dole akwatin sarrafawar ya kasance mai kashe kansa in rijiya ta janye. Sai yashi, wanda ke cinye fankar ciki, maganinsa rariya a bakin tiyo da ɗaga shi daga ƙasan rijiya. Famfon da ke zaune a sama ba ya janyo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, ko da wane irin inji ne. In ya fi haka sai wanda ake zurawa ciki.

Alhaji Ɗan Saminaka:
Injiniya, farantin ai shi ma daga China yake, da dala. Kuma ɓarayi fa?

Injiniya, Kakuri:
Da dala ne, ranka ya daɗe, amma sau ɗaya. Faranti mai kyau yana wuce shekara 20, famfon shekara 5 zuwa 10 in ana kula. Fetur kullum ne. Maganar sata kuwa, maƙeran Panteka suna iya ɗora faranti 3 a kan amalanke mai taya, a tura gona da safe a dawo da shi gida da yamma, kuma mutum 3 ko 4 masu fangali kusa da juna su yi karba-karba. Wanda bai kai ga sola ba, ana canja kabireta injin ya koma gas ɗin girki. Yana rage kuɗi, sai dai a sa tiyon gas na ainihi da maɗauri, a gwada da ruwan sabulu ko yana yoyo, tukunyar kuma ta yi nesa da salansa.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Ina da tsoro ɗaya kan sola. Mai fetur yana kashe inji don yana jin zafin kuɗi. Mai sola babu abin da zai sa ya kashe. In fadamar Galma ta cika da su, rijiyoyi za su janye tun Fabrairu, na ƙasa ya rasa ruwa, rigima ta tashi har da makiyayan da ke shayarwa a wurin. Ƙungiyar masu ban-ruwa ta tsara ranakun kowa, ta auna zurfin ruwa da igiya duk mako ta rubuta, ta bar mashaya da burtali a buɗe. Ban da wannan, mun magance tsadar mai mun sayo rikicin ruwa.

Yaya Lauya, Barnawa:
Ku yi haƙuri, zan saɓa muku kaɗan. Duk abin da aka faɗa nauyi ne a kan talaka. Manomin Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru da ya yi shekaru bai iya kaiwa gonarsa ta nesa ba, ba ma'aunin murfin kwalba ne matsalarsa ba. Sannan dubi siyasar abinci: a 2019 aka rufe iyakoki aka ce a noma, a Yulin 2024 aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mai saye a gari ya samu sauƙi, kuma yana buƙatarsa, ba na musun haka. Amma wanda ya sayi taki da tsada ya girbe ya tarar kasuwa ta faɗi. Babu dabarar gona da za ta tsare mutum daga wannan.

Malam Mai Zaure, Kawo:
Ba mu musa ba, Yaya. To faɗa mana abin da ya kamata ƙungiyoyi su nema, dalla-dalla.

Yaya Lauya, Barnawa:
Uku. A sanar da duk wata buɗe ƙofar shigo da hatsi kafin Afrilu, kafin mutum ya ci bashin taki, a faɗi tan nawa da ranar rufewa. Rumbunan gwamnati su saya a kaka, Nuwamba zuwa Janairu, a kan farashin da aka faɗa tun kafin shuka, su fitar a Yuli da Agusta lokacin da gari ke kuka. Na uku, takin tallafi ya iso a Mayu. Wanda aka raba a ƙarshen Yuli kasuwa yake komawa, don masarar ta wuce lokacinsa. Ga kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar noma da ta lalace, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna na ciki. Bashi ne da 'ya'yanmu za su biya, don haka haƙƙin kowace ƙungiya ne ta je ta tambayi wane aiki aka ware wa ƙaramar hukumarta. A kuma daina lissafi da kuɗin agaji na waje, kowa ya ga yadda Amurka ta yanke nata a 2025.

Hajiya Mai Sito, Giwa:
Kafin gwamnati ta ji ku, abin da ke hannunmu shi ne ajiya. Mai sayarwa a kaka shi ne ya fi kowa asara. A busar da masara a kan tamfol, ba a ƙasa ba, har danshi ya sauka kashi 13 cikin 100. Gwajin gida: busasshiyar kwalba, busasshen gishiri cokali 2, masara cikin hannu ɗaya, a rufe a girgiza a bari minti 15. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a koma shanya. Sai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A hura kowace leda a duba huda, a matse iska, a ɗaure kowacce daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. Ƙwari iska suke rasawa su mutu, babu magani ko kaɗan. In aka riƙa buɗewa ana ɗiba, ko ɓera ya huda, aikin ya lalace. In aka zuba da danshi kuma fumfuna ce, ita ke kawo gubar da kamfanonin abincin kaji ke mayar da kaya saboda ita. Aflasafe, maganin da ake watsawa a gona, kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin masara ta yi fure, yana rage ta tun daga gona.

Kuma don girman Allah a daina zuba maganin ƙwari na ruwa a wake. Saboda shi Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuma a ciki muke ci.

Alhaji Ɗan Saminaka:
Hajiya, ajiya ba kullum take biya ba. Waɗanda suka ajiye masarar 2024 suna jiran tashi, faɗuwa suka gani.

Hajiya Mai Sito, Giwa:
Haka ne, Alhaji, shi ya sa ba a ajiye duka, kuma ba a ajiya da kuɗin bashi. Lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27 da rabi a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwa ya kai wajen 30. Wata 6 na ajiya da irin wannan kuɗin, sai farashi ya tashi da kashi 15 kafin a mayar da kuɗin ruwan kawai, ban da buhu da hayar sito. A raba uku: na ci har sabuwa ta fito, na biyan bashi nan take, na jira. Na jiran ma a fitar da shi kashi-kashi daga Maris.

Maman Walida, Zariya:
Ba a taɓo murhu ba. Duk sanda gas ya tashi, gidaje gawayi suke komawa, motocin gawayi kuma kowa na ganin su a hanyar Kachia da ta Birnin Gwari. Kaɗanya da ɗorawa ake sarewa, itatuwan da mata ke samun man kaɗe da kalwa a jikinsu. Totuwar masara da ɓuntun shinkafa da ake ƙonawa a banza suna yin gawayi: a cika durom mai huji a ƙasa, a kunna daga sama, in hayaƙin ya daina fari a rufe a toshe da laka. Ya huce, a daka, a kwaɓa da dafaffen kullun rogo, kamar kashi 1 cikin 10 na nauyin garin, a matse a gwangwani, a shanya kwana 3 zuwa 5. Kullu in ya yi kaɗan sai ya wargaje, in ya yi yawa sai hayaƙi. Kowane irin gawayi ne, kada a shiga ɗaki da shi a rufe ƙofa da hunturu, yana kisa.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
A kan itatuwa, mu koya daga Maraɗi. Tun shekarun 1980 suke barin kututturen da ya toho a gona, su zaɓi rassa 2 zuwa 5 mafiya ƙarfi su sassabe saura, ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a haka a kudancin Nijar. Ya fi dashe kamawa, don saiwar ta riga ta yi zurfi. Gawo ya fi dacewa da gonar hatsi tunda da damina yake zubar da ganye. A arewacin jihar nan, Makarfi da Ikara da Kudan, zai yi. Matsalar gonar haya ce: wanda zai tashi baɗi ba zai reni itace ba, sai an rubuta a yarjejeniyar wa ke da 'ya'yan da rassan.

Alhaji Ɗan Saminaka:
To Malamin Gona, mai hekta 3 da buhu 6 kacal na taki, ba 10 ba, ya zai raba?

Malamin Gona, Samaru:
Masara rabin hekta, a wurin da ya fi ƙarfi kuma babu wuta-wuta: kamfa 4, yuriya 1 da ɗan ƙari in ya samu. Buhu na shida ya zama supa, a zuba shi layi-layi a gindin waken suya, hekta 1, ko da bai kai ma'auni ba, tare da garin cuɗa iri. Hekta 1 dawa da takin gida, a rataya wake a tsakani a ƙarshen Yuli. Rabin da ya rage gyaɗa. Baɗi masara ta koma inda waken suya ya tashi. Daga mako na 2 a riƙa zagaya masarar sau biyu a mako saboda tsutsa, a duba gindi 10 a wurare 5. In 10 cikin 50 sun nuna sabon ci, a yi feshi da yamma, a sa bakin famfo cikin tsakiyar ganye inda take ɓuya, kuma kada a maimaita magani iri ɗaya fiye da sau biyu a jere, don tana sabawa da shi.